Masu Ɗaurin Kaya: Tarihin Debian da Abin da Ya Riƙe Ta Sama da Shekara Talatin

Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta, wadda da yawanmu a nan muka fi sani da ordinatar, abu ɗaya yake gani. Ya danna nan ya yi rubutu, ya danna can ya yi lissafi, ya buɗe wani wurin ya shiga intanet. A ƙarƙashin allon kuwa manhajoji ne dubbai, kowace da marubutanta, kuma yawancin marubutan ba su taɓa haɗuwa da juna ba. A kamfani irin Microsoft ko Apple akwai shugaba, akwai albashi, akwai mai cewa a yi kaza kuma a yi. A duniyar manhaja mai ƴanci, wadda kowa ke da damar karanta rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu, babu irin wannan shugaba. To wa ke tattaro kayan da ke warwatse haka, ya tabbatar wannan bai karya wancan ba, har ya kai shi hannun malamin makaranta a shirye?

Amsar tana cikin tarihin wata ƙungiyar ƴan sa kai mai suna Debian. Mafi yawan manhajojin da take rabawa ba ita ta rubuta su ba. Aikinta shi ne ɗauri: ta ɗauko, ta duba, ta daidaita, ta ɗaure, ta ci gaba da kula. Tun 1993 take wannan aiki, ba ta da mai ita, ba ta biyan membobinta albashi, kuma har yau ba ta watse ba. Ya kamata malamai da iyaye su san yadda aka yi haka, domin kwamfutocin da ke shiga makarantunmu, musamman tsofaffin da ake kawowa kyauta, rayuwarsu da mutuwarsu suna rataye ne a kan irin wannan aiki.

Kafin a sami mai ɗauri

A watan Satumba na 1983, Richard Stallman, masanin kwamfuta a cibiyar MIT ta Amurka, ya sanar cewa zai gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda kowa zai iya amfani da shi ba tare da neman izinin kamfani ba. Ya sa masa suna GNU. A 1985 ya kafa gidauniyar da za ta riƙe aikin, a 1989 kuma ya fito da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa ke da sauƙin fahimta: ka ɗauka, ka gyara yadda ka ga dama, amma in za ka raba wa wasu, sai ka haɗa musu da asalin rubutun, su ma su sami ƴancin da ka samu.

Zuwa 1991 GNU ta tara kayan aiki da yawa, sai dai ba ta kammala zuciyar tsarin ba, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen inji. A watan Agusta na wannan shekara wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da tasa zuciyar, wadda aka sani da Linux. Da aka sa ta ƙarƙashin GPL a 1992, sai duk sassan suka samu.

Samun sassa dabam, samun mota dabam. Wanda ke son amfani da Linux a lokacin kamar mutum ne da aka ba inji daga wannan kasuwa, tayoyi daga waccan, birki daga wata ƙasar, aka ce ya haɗa da kansa. Sai ya sauko da kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya, ya juya rubutunta zuwa harshen da inji ke ganewa, sannan ya tarar tana buƙatar wata manhajar, ita ma waccan tana buƙatar wata, kuma dole sai wani bugu na musamman. Wasu mutane suka fara haɗa tarin da aka riga aka shirya. A 1992 Peter MacDonald ya fitar da SLS, a watan Yuli na 1993 Patrick Volkerding ya fitar da Slackware. SLS ya yi farin jini, amma yana da kurakurai da yawa, kuma gyara yana jiran lokacin mutum ɗaya.

Ɗalibin Purdue da shawarar da ya yanke

Ranar 16 ga Agusta, 1993, Ian Murdock, ɗalibi ɗan shekara 20 a jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, ya sanar da nasa haɗin. Sunan Debian ya fito ne daga sunan budurwarsa Debra da nasa sunan, Ian. A watan Janairu na 1994 ya rubuta takardar manufa, inda ya bayyana cewa aikin haɗa tsari ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka za a yi shi a fili, da hannu da yawa, kamar yadda ake gina Linux kanta. Gidauniyar Stallman ta ɗauki nauyin aikin na shekara ɗaya, daga Nuwamba 1994 zuwa Nuwamba 1995.

Shawarar da ta bambanta Debian da na gabanta ita ce raba tsarin gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ƙunshi ce, kuma kowane ƙunshi yana da mai riƙo, mutum mai suna da adireshi. Ƙunshi yana ɗauke da manhajar kanta, da wata ƴar takarda da ke faɗin sunanta, bugunta, sunan mai riƙonta, waɗanne manhajoji ne ba ta iya aiki sai da su, da waɗanda ba ta zama wuri ɗaya da su. Kamar buhun da aka kai tasha aka rubuta masa sunan mai shi da inda za shi: in ya ɓace ko ya yage, an san wanda za a nema.

Manhajar da ke buɗe ƙunshi ta zuba shi cikin kwamfuta sunanta dpkg. Wani ɗan Ingila mai suna Ian Jackson ne ya sake rubuta ta a tsakiyar shekarun 1990, ya mai da ita mai riƙe rajistar duk fayil ɗin da ya shiga inji da ƙunshin da ya kawo shi. Da wannan rajista ake iya cire manhaja ba tare da ta bar tarkace ba, ana kuma iya sabunta tsarin gaba ɗaya ba tare da an goge komai an fara daga farko ba. Shi ne kuma ya rubuta rajistar kurakurai ta Debian, inda kowane aibi da aka kai rahoto ke samun lamba, kowa a duniya yana iya karanta shi.

Babu Debian 1.0. A ƙarshen 1995 wani kamfanin sayar da faifai ya ɗauki bugun da ba a gama ba ya buga masa lambar 1.0 ya kai kasuwa, sai ƙungiyar ta tsallake lambar don kada a ruɗe. Bugun farko na hukuma shi ne 1.1, wanda ya fito ranar 17 ga Yuni, 1996, da ƙunshi 474. A lokacin Murdock ya riga ya miƙa jagoranci ga Bruce Perens, ma'aikacin kamfanin Pixar mai yin finafinan zane. Daga nan ne aka ɗauki al'adar sa wa kowane bugu sunan wani daga cikin kayan wasan yara na fim ɗin Toy Story: Buzz, Rex, Bo, Hamm, har zuwa yau.

Girma ya zo da sauri. A Disamba 1996 ƙunshi ya kai 848, masu riƙo 120. A Yuli 1998 ƙunshi ya wuce 1,500, masu riƙo sun wuce 400. A bugun Maris 1999 aka shigo da APT, wadda in ka ce mata kana son manhaja kaza, ita za ta lissafa duk abin da manhajar ke dogaro da shi, ta sauko da su, ta zuba su bisa tsari. Abin da muke yi yau a kantin manhaja na salula, masu Debian sun fara yin irinsa kusan shekara goma kafin Apple da Google su buɗe nasu kantunan a 2008. Bugu na 12, na watan Yuni 2023, ya zo da ƙunshi sama da 64,000.

Abin da aka rubuta ya fi abin da aka faɗa

Mutum ɗari huɗu da ke ƙasashe dabam-dabam, kowa yana aiki da dare bayan ya taso daga neman abincinsa, ba za su iya fitar da abu ɗaya mai jituwa ba in kowa zai bi ra'ayinsa. Tsakanin 1996 da 1998 Debian ta rubuta takardu uku da har yau take tafiya a kansu.

Ta farko ita ce kundin ƙa'idojin ɗauri. Yana faɗin inda kowane irin fayil zai zauna, yadda za a sa wa ƙunshi lamba, abin da zai faru da saitin mai kwamfuta in an sabunta manhaja, da makamantansu. Akwai wata manhaja mai suna Lintian da ke binciken ƙunshi ta gwada shi da waɗannan ƙa'idoji kafin a karɓe shi. Ƙunshin da ya saɓa wa ƙa'ida mai nauyi ana iya fitar da shi daga bugu mai zuwa, komai farin jininsa.

Ta biyu ita ce yarjejeniya da jama'a, wadda aka amince da ita a watan Yuli na 1997. A cikinta Debian ta yi alƙawarin cewa za ta ci gaba da zama mai ƴanci gaba ɗaya, za ta mayar wa marubutan asali duk gyaran da ta yi, ba za ta ɓoye matsalolinta ba, za ta kuma fifita masu amfani da ita. An haɗa da ma'auni goma na gane manhaja mai ƴanci. Waɗannan ma'aunai ne aka ɗauka a 1998, da ɗan canji, aka mai da su ma'anar abin da duniya ke kira buɗaɗɗen tushe.

Ta uku ita ce tsarin mulki, wanda aka kafa a ƙarshen 1998 lokacin jagorancin Ian Jackson. Ana zaɓen shugaba duk shekara, amma ikonsa kaɗan ne. Tsarin mulkin ya faɗa a fili cewa ba a tilasta wa kowa yin wani aiki, sai dai wanda ba zai yi ba kada ya tare hanyar abin da aka yanke bisa ƙa'ida. In masu riƙo biyu suka saɓa, akwai kwamitin fasaha mai raba gardama. In abin ya fi ƙarfinsa, duk membobi su kaɗa ƙuri'a, kowa yana jera zaɓuɓɓuka daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi.

Wani ɓangaren da ba a cika ambata ba shi ne tanadin da aka yi wa gajiya. Ɗan sa kai yana yin aure, yana canza aiki, yana rashin lafiya, yana mutuwa. In mai riƙo ya yi shiru alhali akwai aibi a ƙunshinsa, wani memba yana da damar aika gyara a madadinsa, bayan ya sanar a rajista ya kuma jira ƴan kwanaki. In mai riƙo ya sauka, ana kiran ƙunshin maraya, a sa shi cikin jerin masu neman uba har wani ya ɗauka. Akwai ma tawagar da aikinta shi ne neman membobin da aka daina jin ɗuriyarsu. Da tafiya ta yi tafiya, manyan ƙunshi da yawa suka koma hannun tawaga maimakon mutum ɗaya. Shiga ƙungiyar ma ba a yinsa da ka. Sai wani memba ya tsaya maka, an gwada saninka na aiki da na ƙa'idoji, kuma duk ƙunshin da za ka aika sai da sa hannunka na sirri. Al'adar da aka daɗe a kanta ita ce membobi su ga fuskarka da takardar shaidarka kafin su tabbatar da wannan sa hannu.

Matakai uku kafin kaya ya isa

Tun shekarar 2000 Debian ke tafiya da matakai uku. Sabon ƙunshi yana fara sauka ne a mataki marar tabbas, wanda har abada sunansa Sid, sunan yaron maƙwabta mai farfasa kayan wasa a cikin fim ɗin. Injuna na musamman suna ɗaukar ƙunshin su gina shi don kowane irin inji da Debian ke tallafawa. In ya yi ƴan kwanaki ba a sami babban aibi a cikinsa ba, a da kwana goma, yanzu galibi biyar, kuma bai karya wani ƙunshin ba, sai ya wuce matakin gwaji. Idan lokacin sabon bugu ya gabato sai a rufe ƙofa, a daina karɓar sabon abu, a duƙufa kan gyara kawai na tsawon watanni. Abin da ya fito daga nan shi ne tsayayyen bugu, wanda makarantu, asibitoci da kamfanoni ke dogaro da shi.

Debian ba ta sa ranar fitowa tun da wuri, tana fitowa ne in ta shirya. Wannan ya taɓa jawo mata dariya, domin daga bugun Yuli 2002 zuwa na Yuni 2005 kusan shekara uku aka yi ana jira. Daga nan ta daidaita a kan kusan shekara biyu-biyu. Kowane tsayayyen bugu yana samun gyaran tsaro na kimanin shekara uku, sannan wata tawaga ta ƙara masa har ya cika biyar.

Tsakanin mai rubutu da mai ɗauri

Wurin da ya fi haɗari a wannan aiki shi ne mahaɗa, inda hannun marubucin asali ya tsaya na mai ɗauri ya fara. A 2006 mai riƙon OpenSSL a Debian, manhajar da ke ƙera makullan sirri na sadarwa, ya ga wata na'urar bincike tana ƙorafi kan layi biyu na rubutun. Ya aika tambaya ga masu OpenSSL, amsar da ya samu ta yi kama da amincewa, sai ya cire layukan. Ɗaya daga cikinsu ba shi da wani amfani sosai. Ɗayan kuwa shi ne ke zuba wa manhajar abin da ke sa makulli ya zama ba a iya cankarsa. Garin neman gira aka rasa ido: maimakon makullai da ba su ƙirguwa, injunan Debian da Ubuntu suka koma ƙera makulli daga cikin kimanin 32,768 kacal na kowane nau'i, adadin da ɓarawo zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran ya shiga a Satumba 2006, ya bi duk matakai uku ya wuce, domin manhajar tana aiki lafiya a ido. Sai a watan Mayu na 2008 wani memban Debian ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano. Ranar 13 ga watan ƙungiyar ta sanar da duniya, ta faɗi inda kuskuren ya fito, ta fitar da kayan gano raunanan makullai, masu injuna ko'ina suka shiga sake nasu. Babu wanda ya yi niyyar cuta. Mai ɗauri ya yi tambaya amma bai aika ainihin gyaran a duba ba, marubuta sun amsa ba tare da sun ga duk abin da zai taɓa ba. A shekarun da suka biyo baya Debian ta koma wani salon ɗauri da ke ajiye kowane gyara nata a gefe guda, da bayanin wanda ya yi shi, da dalili, da ko an aika wa marubutan asali.

Wani lokacin kuma saɓanin na suna ne. A 2006 Mozilla ta ce ba za a kira manhajarta Firefox ba muddin ana yi mata gyaran da ba ta amince da shi ba, kuma ba a sa tambarinta ba. Tambarin kuwa lasisinsa bai cika ma'aunan Debian ba. Sai Debian ta ci gaba da raba manhajar da sunan Iceweasel har shekara goma, kafin a sasanta a 2016 sunan ya dawo.

Rikicin da ya fi girgiza ƙungiyar ya zo a 2014, kan wace manhaja ce za ta riƙa tayar da sauran in an kunna inji. Kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu, shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, aka zaɓi systemd. An kai maganar gaban duk membobi a watan Nuwamba, wasu tsofaffin hannu suka ajiye muƙamansu, har da Ian Jackson daga kwamitin, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan. Zuciya ta ɓaci, amma bugu na 8 ya fito a Afrilu 2015. A ƙarshen wannan shekara Ian Murdock ya rasu yana da shekara 42, ƙungiyar da ya kafa kuwa ta daɗe da koyon tafiya ba da shi ba.

Rabin daƙiƙa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata ƴar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowane injin Linux ke ɗauke da ita. Shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke kula da ita, ba albashi, har ya bayyana a 2022 cewa ƙarfinsa ya ragu. Wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba, ya yi fiye da shekara biyu yana taimako da gyare-gyare masu kyau, wasu sunaye kuma suna matsa wa mai manhajar lamba ya ba wani dama. Da ya sami iko, sai ya ɓoye ɓarauniyar hanya a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024. An tsara ta ne don ta farka daidai lokacin da ake ɗaure manhajar cikin ƙunshi irin na Debian da Red Hat, ta bi ta wata mahaɗa da masu ɗauri suka ƙara tsakanin systemd da manhajar shiga inji daga nesa.

Wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, yana gwaje-gwajensa a kan Sid, ya lura shiga inji daga nesa yana cin ƙarfi fiye da kima, yana kuma jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono abin, ya sanar ranar 29 ga Maris, 2024. Gurɓataccen bugun ya shiga mataki marar tabbas da na gwaji, amma bai kai tsayayyen bugu ba. Jinkirin da ake yi wa Debian gori a kansa shi ne ya ba da lokacin da aka kama ɓarawo. Abin ya kuma nuna iyakar dokokinta: tana da tanadin maraya a cikin gidanta, amma ba ta da iko kan gajiyar mutumin da take ɗebo kaya daga wurinsa.

Inda abin ya shafi makaranta

Saboda ƙunshin Debian a buɗe yake, wasu sun yi ta gini a kansa. A 2001 aka fara Skolelinux a ƙasar Norwe don makarantu, wanda daga baya ya haɗe da Debian Edu. A 2002 gwamnatin yankin Extremadura na ƙasar Sifen ta fitar da LinEx ta zuba shi a dubban kwamfutocin makarantunta. A Oktoba 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu, wadda ke ɗebo kayanta daga Sid tana fitowa duk wata shida. Tsarin ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi shi ma daga Debian ya fito. A Faransa akwai Emmabuntüs, da aka yi don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, wanda ya isa ɗakunan karatu a ƙasar Togo. Babban taron shekara na Debian, da aka fara a Bordeaux a 2000, ya sauka Afirka karo na farko a 2016, a birnin Cape Town.

Ko haruffanmu ta wannan hanya suke bi. Malamin da ya taɓa buga ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ya ga ɗan akwati fanko a madadinsu ya san cewa ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. Salon Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana don masu koyon karatu, yana cikin Debian a matsayin ƙunshi mai mai riƙo, haka ma tsarin allon bugu na Hausa. Akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai GCompris, tarin wasannin koyo na ƙananan yara da wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a 2000. Inda intanet ke da tsada ko kuran ke yawan ɗaukewa, ana iya zuba tsarin daga faifai ko ƴar ma'ajiyar USB, kuma inji ɗaya yana iya sauko da gyara sau ɗaya ya raba wa sauran na ɗakin.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa, alhali kwamfutoci da yawa masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan injuna ne suka fi zama kayan kyauta. Debian tana iya ƙara musu shekaru, amma ita ma tana da iyaka. Bugu na 13, na watan Agusta 2025, ya daina ba da hanyar zubawa a kan tsofaffin injuna masu bit 32, domin hannun da ke kula da su ya yi ƙaranci. Masu irin waɗannan sai su tsaya a bugu na 12, wanda gyaransa zai ƙare a tsakiyar 2028.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa ranar da aka fitar da bugu ba ita ce babbar rana ba a wurin masu Debian, kwanakin da ke biye da ita ne. Haka ma ranar da aka yanke kirtani aka buɗe ɗakin kwamfuta a makaranta. In aka zo da tayin injuna, ya dace shugaban makaranta da ƴan COGES su tambayi wane tsari ne a cikinsu da shekarar da gyaransa zai ƙare. Su rubuta sunan malamin da zai riƙe ɗakin, da sunan na biyu da zai karɓa in an yi wa na farko canjin wurin aiki. Su ajiye kaye guda inda kowace matsala za ta sami lamba da kwanan wata, wanda iyaye ma za su iya buɗewa su karanta. Ɗalibin Purdue da abokansa da irin waɗannan ƙananan abubuwa suka fara, ƙunshi 474, kowane ɗaya da sunan mai shi a jiki.

Allah ya sa ƴaƴanmu su amfana da abin da aka kawo musu, ya kuma ba masu riƙon amana ƙarfin riƙewa.